Bin Sawun Wuta: Idan Babur Ɗin Da Aka Haɗa A Gida Ya Ƙi Tashi

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, wanda ya daɗe yana gyaran babur da sayar da kayansa tsakanin Paraku da Jugu, ya gabatar a zaman yamma na bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Mun buga shi yadda ya faɗa, saboda mambobin da ba su samu halarta ba.



Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu dattawan zango, Alhazai da Hajiyoyi, baƙinmu da suka taso daga Jugu da Nikki da Kandi da Malanbil, da 'yan'uwanmu da suka ƙetaro daga Najeriya da Nijar da Togo, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Maganar kuɗin duwan da canjin naira da sefa da yawan shingaye a hanya, waɗanda suka fi ni saninta sun yi ta tun da safe. Ni abin da na sani ƙarfe ne. Zan yi magana kan babur, ko moto kamar yadda muka fi faɗi a nan, musamman wanda mutum ya kwance ya sake haɗawa a tsakar gidansa, ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, babur ya ƙi tashi.

Kada wani ya ɗauke ta ƙaramar magana. Kakanninmu fatake da suka riƙa bin hanyar goro daga Kano da Sakkwato, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Paraku, su yada zango a Jugu kafin su miƙe zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, bayan kaya ba su da jarin da ya wuce jakunansu. Madugu ba ya ta da ayari sai an duba kofato da bayan kowace dabba. Yau babur ne jakinmu. Shi ke kwasar kaya daga kasuwar Arzeke zuwa ƙauyuka, shi ke bin hanyar Nikki zuwa Cikanda, shi ke tashi daga Jugu ya bi ta Wake ya ci kasuwar Ketawo a Togo. Kun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, kun kuma ga yadda gadar Malanbil zuwa Gaya ta tsaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Duk lokacin da manyan motoci suka tsaya, nauyin ƙaramin ɗan kasuwa a kan babur yake komawa. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kwalbar kpayo ta daina araha, riba ta yi siriri. Shi ya sa samarinmu da yawa suka koma sayen tsohon Boxer ko Sanili ko Haojue, su kwance shi, su sa sabon fiston da zobe, su yi fenti, su haɗa da hannunsu. Abin yabo ne. Amma a ranar tayarwa ake yawan yin asara.

Ga yadda asarar take faruwa. Babur ya ƙi tashi, sai a ce wuta ce. A sayo buji, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira fulogi. Bai tashi ba. A sayo CDI. Bai tashi ba. A sayo bobin. A ƙarshe a sayo bobin na cikin inji gaba ɗaya. Kafin mako ya ƙare kuɗin sarin kaya ya tafi a kayan gyara, kasuwa biyu ta wuce, babur yana nan jingine da katanga. Ni mai sayar da waɗannan kaya ne, kuma ina gaya muku yawancin abin da ake saye a irin wannan rana ba shi ne ya lalace ba.

Magana ɗaya nake so ku tafi da ita gida: wuta tana da hanya, kamar yadda kaya suke da hanya. Alhaji, idan kayanka sun taso daga Kwatano ba su iso Paraku ba, sabuwar mota kake saye? A'a. Cawuru kake fara bugawa waya ka ji ko sun wuce. In ba a gan su ba ka tambayi Sabe, sannan Dasa, sannan Bohikon, har ka gano inda suka maƙale. Haka ake bin sawun wuta. A fara daga tashar da ta fi kusa, a koma baya tasha bayan tasha, kuma ba a canza abu biyu a lokaci guda.

Kafin a zargi wuta

Inji yana bukatar mai da iska a gauraye, yana bukatar matsi a cikin silinda, sannan tartsatsi a daidai lokacinsa. Biyun farko sun fi saurin dubawa, don haka da su ake farawa.

Kashe makulli, cire buji, toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kik. Idan matsi yana da kyau iska za ta ture yatsanka da ƙarfi. Idan kuwa ta zo a sanyaye, to ka bar maganar wuta tukuna. A injin da aka sake haɗawa, abin da ya fi kawo haka shi ne an ɗaure bawul, wato supap, ya yi tsauri har ba ya rufewa sosai. Ƙananan injina na 100 da 110 masu tsarin Honda, tazarar bawul ɗinsu wajen milimita 0.05 ce, ana awonta inji yana sanyi, fiston yana can sama, kuma a zagayen da hannuwan bawul biyu suke sake. Bayan wannan sai zoben fiston da aka sa ba daidai ba, ko gaskit ɗin kan inji da ke fitar da iska.

Sai mai. Ka buga kik sau biyar ko shida, ka cire buji ka duba bakinsa. In ya bushe ƙayau, mai ba ya isowa. In ya jiƙe sharkaf, mai ya yi yawa ko kuma ba a ƙona shi. Ka ɗiga mai kaɗan a ramin, kamar rabin ƙaramin cokali, ka mayar da busasshen buji ka buga. Idan ya tashi ya yi ɗan guri ya mutu, wutarka lafiya lau, ka koma kan karbirato. Ku kuma tuna cewa man da ya yi watanni a tanki yayin da ake gyara ya saki ƙarfinsa. A zubar da shi a sa sabo. Wanda aka saya a bakin hanya a zuba shi a farar kwalba a ajiye ɗan lokaci. In akwai ruwa, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka.

Tashoshin wuta

In matsi da mai sun wanke kansu, to mun zo kan wuta. Bari in jera muku tashoshinta. A gefen inji akwai bolan, wanda wasu ke kira magnito, ƙarfe mai nauyi da maganaɗisu a cikinsa. Yana juyawa a kan bobin na ciki, nan ake haifar da wuta. Wutar ta tafi CDI, ɗan baƙin akwatin nan, ya tara ta har ta kai ɗaruruwan bolt ya riƙe. Kusa da bolan akwai wani ɗan ƙaramin bobin da nake kira ɗan sanarwa, bakanikai na ce masa kapta. Duk lokacin da ɗan tudun da ke bayan bolan ya gifta shi, sai ya sanar da CDI cewa lokaci ya yi. CDI ya saki abin da ya tara zuwa bobin na waje da ke ƙarƙashin tanki, shi kuma ya ninka ta ta haura bolt 10,000. Daga nan ta bi waya mai kauri, ta shiga hular buji, ta tsallaka tazarar bakin buji. Sannan dole ta koma gida ta jikin inji da shasi. Wannan hanyar komawa ita ce mas, kuma ku riƙe sunanta, za mu dawo kanta.

Gwajin farko kowa ya san shi, amma ba kowa ke yin sa daidai ba. Sa buji a hularsa, kwantar da ƙarfensa a jikin inji wurin da babu fenti, nesa da ramin buji, a inuwa, ka buɗe makulli ka buga kik da ƙarfi. Tartsatsi mai kyau shuɗi ne, mai kauri, kana jin ƙararsa, kuma yana zuwa a kowane bugu. Siriri mai launin ja ko ruwan ɗorawa abin tuhuma ne, domin tsallaka tazara a fili ya fi sauƙi a kan tsallakawa cikin matsin silinda. Wutar da ta fito da ƙyar a waje, a ciki mutuwa take yi. In kana son tabbaci, cire hular, riƙe wayar da abin da wuta ba ta bi, ka kusanto da bakinta wajen milimita 6 daga jikin inji. Lafiyayyar wuta za ta tsallaka. Kada ka yi ta buga kik waya tana lilo a iska ba kusa da ƙarfe ba, wannan yana iya kashe bobin ko CDI.

To in waya tsirara tana ba da wuta amma buji ba ya bayarwa, ka riga ka gano inda kaya suka maƙale: ko buji ko hula. Tazarar bakin buji a yawancin baburanmu milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Kuma buji ba duka ɗaya ba ne. A lambar NGK, C7HSA na ƙananan injina ne, zarensa milimita 10, gajere. D8EA na masu tsarin CG 125 ne, zarensa milimita 12, dogo. Ka tafi da tsohon kasuwa ka gwada lamba da tsayi. Wajen ɗaurawa a fara da hannu har ya zauna kafin a sa sifana, domin kan inji alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Ita kuwa hula, murɗa ta ake yi a bakin waya, kuma bakin wayar yakan yi tsatsa ko ya ƙone. Yanke kamar santimita ɗaya, ka sake murɗa hular a sabon wuri. Babura da yawa sun tashi da wannan kaɗai, ba a kashe ko dala ba.

Abin da hannu ya taɓa

In waya tsirara ma ba wuta, sai a koma baya. A nan ne nake so samari su saurara da kyau. Babur ɗin da yake tafiya kafin ka kwance shi, CDI ɗinsa bai mutu don ya kwana wata biyu a cikin kwali ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ka tambayi kanka me hannunka ya taɓa.

Na farko mas. Ka yi wa shasi sabon fenti, ya yi kyau, maƙwabta suna yabawa. Amma fenti ba ya barin wuta ta wuce. Inda bobin na waje yake ɗaure a shasi, da inda wayar mas take kamawa, da inda inji yake haɗuwa da shasi, duk sai an kankare fentin da sanfefa har ƙarfe ya fito fes. Kwanan baya wani yaro ya turo min Boxer tun daga unguwarsu, da CDI biyu sababbi a aljihu da bobin guda a leda. Noti ɗaya muka kwance, muka kankare fenti wuri kamar faɗin farce, muka ɗaure, bugu biyu ya tashi. Tsohon CDI ɗinsa ne a jiki har yau. In kana shakka, ɗauko guntun waya ka haɗa jikin inji da ƙafar bobin kai tsaye. In wuta ta dawo, ka san mas ne.

Na biyu wayar kashewa. A baburan da suka bi tsarin wayoyin Honda, kuma yawancin na Sin haka suke, kore shi ne mas, baƙi mai jan layi yana kawo wuta daga bobin na ciki, shuɗi mai farin layi na ɗan sanarwa ne, baƙi mai layin ɗorawa yana tafiya bobin na waje, baƙi mai farin layi kuwa shi ne na kashewa. Idan ka kashe makulli, wannan wayar ake haɗawa da mas, wuta ta zube ƙasa, inji ya mutu. To in ta goge a wani wuri tana taɓa shasi, ko kan makulli ya lalace, babur a kashe yake ko da ka buɗe makulli. Zare ta daga bakin CDI ka gwada. In wuta ta dawo, laifin makulli ne ko wayar. Sai dai ka sani, in ya tashi a haka makulli ba zai kashe shi ba, sai ka rufe mai, ko ka sa giya ka taka birki ka saki kuloci. Bajaj da TVS na Indiya ne, launin wayoyinsu ba lallai ya zo ɗaya da wannan ba. Shi ya sa nake cewa kafin ka zare ko waya ɗaya, ɗauki hotonta da wayar hannunka. Waya tana aljihun kowa, hoto kuma kyauta ne.

Na uku wayar da ke fitowa daga cikin inji. Wajen mayar da murfin gefe ana yawan danne ta, ta tsinke a ciki ko ta fashe tana taɓa ƙarfe. A duba robar da take bi ta fito, a duba bakin haɗe-haɗe ko wani haƙori ya koma baya ko ya yi kore.

Na huɗu CDI da ba nasa ba. Iri biyu ne. Akwai mai shan wuta kai tsaye daga bobin na ciki, wanda ake kira AC, shi ko babu batir babur zai tashi da kik. Akwai mai shan bolt 12 daga batir, wanda ake kira DC, shi in batir ya mutu ko fis ya ƙone, wuta ba za ta zo yadda ya kamata ba. Matsalar ita ce wani lokaci bakinsu iri ɗaya ne, ya shiga daram kamar nasa. Ka sa wanda ba shi ba, ko dai shiru, ko ka ƙona shi nan take. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna wajen bolt 12.6 a mita, in inji yana aiki kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5.

Tunda na ambaci mita, bari in ce wani abu a kanta. Ƙaramar mitar awon wuta ba ta kai kuɗin kayan da ake saye a banza a rana ɗaya ba, kuma tana faɗin gaskiya. Hular buji mai ɗan birkin wuta a ciki tana nuna wajen om 5,000. Bobin na waje na CDI, ɓangaren shiga bai cika kai om 1 ba, ɓangaren fita kuwa dubbai ne. Ɗan sanarwa da bobin na ciki, kowane kamfani da lambarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka samu babur irin naka mai lafiya, ka auna nasa ka auna naka. In mita ta nuna babu hanya sam, waya ta tsinke a ciki. Shi CDI ba a iya yanke masa hukunci da ƙaramar mita. Sai an wanke duk sauran tashoshi, sannan a aro na wani babur iri ɗaya a gwada. In ya tashi da na aro, yanzu ne lokacin zuwa kasuwa. CDI shi ne na ƙarshe a layin tuhuma, mu kuwa mun mayar da shi na farko.

Masu tsofaffin babura irin na iyayenmu da ke da filatine maimakon CDI, hanyar ɗaya ce. Ƙari kawai shi ne a goge bakin filatine, a sa tazararsa milimita 0.3 zuwa 0.4, a kuma tuhumi kondansa in bakin yana yawan ƙonewa.

Wuta tana nan, amma ba a kan lokaci ba

Akwai wanda ya fi ɗaure kai. Wuta shuɗiya ce mai kyau, mai yana zuwa, matsi yana nan, amma babur sai tari yake yi ta karbirato, ko ya yi harbi ta salansa, ko kik ya dawo ya bugi ƙafa. Wannan alamar lokaci ne. Kaya sun iso, amma bayan kasuwa ta watse.

Abu biyu ake dubawa. Na farko ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke zaune a ramin sandar inji, wanda ke nuna wa bolan mazauninsa, kilabet. Wajen mayar da bolan yakan zame ya faɗa, ko a manta shi a cikin kwano, ko ya yanke in notin bolan bai ɗauru sosai ba. Bolan ya juya kaɗan daga mazauninsa, ɗan sanarwa ya riƙa ba da labari a lokacin da bai dace ba. Ku sani ba kilabet ke riƙe bolan ba, tsukin bakin sandar ne da ƙarfin noti. Don haka a goge wurin ya bushe, babu mai babu datti, a ɗaure noti sosai. Kuma a cire bolan da abin zare shi. Guduma tana raunana maganaɗisu, tana iya lanƙwasa sandar inji. Kafin a mayar a leƙa cikinsa, domin maganaɗisu yana kama ƙananan wasa da ɓarɓashin ƙarfe, su kuma su yayyanka bobin na ciki.

Na biyu sarƙar da ke juya bawul. A jikin bolan akwai alamar T da alamar F. T tana nuna fiston ya kai can sama, F tana nuna inda wuta take tashi. Idan T ta yi daidai da tsagar da ke jikin inji, alamar da ke kan haƙoran sama dole ta yi daidai da tsagar kan inji. Haƙori ɗaya in ya goce, babur zai yi wuyar tashi kuma ba ƙarfi. In ya goce da yawa, fiston yana iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Saboda haka bayan haɗawa a juya inji da hannu zagaye biyu a hankali, a ji ko wani abu yana tokarewa, a sake duba alamomi, sannan a taɓa kik.

Mai tashi ya mutu a hanya

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi haɗari gare mu matafiya. Babur ya tashi lafiya a gida, ka ɗaura kaya, ka kama hanyar Jugu, tafiyar kusan kilomita 135. Inji ya yi zafi, sai ya mutu. Ka zauna a gindin itace rabin awa, ka buga ya tashi, ka ce Alhamdu lillahi ka ci gaba, can gaba ya sake mutuwa. Sau da yawa wannan bobin ne ko ɗan sanarwa da siririyar wayar cikinsa ta tsage, zafi yana buɗe tsagar, sanyi yana rufe ta. A gwada wuta nan take yana mutuwa, tun da zafinsa, domin in ya huce zai nuna maka lafiya. In wuta tana nan da zafin, buɗe murfin tanki ka saurara. Ɗan ramin shan iska na murfin in ya toshe, musamman bayan fenti, mai yana daina sauka. Da damina kuma, hula ko waya mai tsaga tana zubar da wuta da zarar ta jiƙe. Ka tayar da inji da dare a wuri mai duhu, za ka ga tartsatsi yana tsalle daga jikin wayar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babur ɗin da aka haɗa jiya ba a ɗora masa buhu uku yau a nufi kan iyaka. A yi kwana biyu ko uku ana zagaya gari da shi har ya yi zafi sosai, a sake bin notuna da haɗe-haɗen waya. A ƙarƙashin kujera kuma kada a rasa buji guda da aka riga aka gwada, da sifanarsa, da fis, da guntun waya. Lalacewa a daji bayan magariba da kayan mutane a baya, kun san abin da take jawowa.

Iyayenmu mata, na san da yawanku kun sayi babur kun ba yara suna zemijan ko suna kai muku kaya, kuma ku ake zuwa wa da lissafin gyara. Hajiya, ba sai kin riƙe sifana ba. Tambaya uku ta ishe ki. An ga wuta a bakin buji ko ba a gani ba? An gwada da na wani babur kafin a ce a sayo? Ina tsohon da aka cire? Bakanike na gari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In an zo saye kuma, araha ba ta ado. Jabun buji da jabun CDI sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske. A saya wurin wanda aka san shagonsa, wanda za a iya komawa gare shi gobe.

Sai maganar rai, wadda ta fi duk abin da na faɗa. A gida ake wannan aiki, inda ake girki, inda yara ke wasa, wani gidan ma da jarkokin mai a zaure. Gwajin buji wasa da wuta ne a zahiri. Tururin mai da ke fitowa daga ramin buji ko daga tsumman da aka goge karbirato yana kamawa da tartsatsi guda. A fitar da babur fili, nesa da murhu da jarka, a goge man da ya zube a bari ya bushe, a ajiye bokitin yashi kusa, a kori yara. Wutar mai ba a kashe ta da ruwa, ruwa yaɗa ta yake yi. Kuma kada a bar inji yana aiki a cikin ɗaki ko shago a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Shugaba, ina da roƙo biyu ga kwamiti. Na farko, ƙungiya ta sayi mitar awon wuta da abin zare bolan, saiti ɗaya a ofishin Paraku, ɗaya a na Jugu, mamba ya ara ya sa hannu ya dawo da su. Na biyu, a ajiye littafi tare da su. Duk wanda ya auna lafiyayyen babur ya rubuta irinsa da lambobin da ya samu da launin wayoyinsa. Cikin shekara guda za mu samu abin dubawa na Boxer da Haojue da Sanili da Apsonic da TVS, wanda hannunmu ya rubuta. Ni kuma na ɗauki alkawarin zama da samari safiyar Lahadi ɗaya a kowane wata, wata a Paraku wata a Jugu, in nuna musu yadda ake riƙe mitar. Wanda yake so ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Allah Ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai kowa gidansa lafiya.